Baitin da Aka Sauke Daga Goshin Motar Baffa

Tiga, Bebeji,
Jihar Kano.

Zuwa ga yayata abar girmamawa, Hajiya Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan sallama, ga gaisuwa nan na taso ta daga bakin ruwan Tiga, na bi da ita ta dajin Falgore da duwatsun Doguwa, ta gangara kudu gari bayan gari, har ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakinki a Fatakwal. Ina roƙon Ubangiji Mai jinƙai Ya sa ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigida Alhaji Uba da yara baki ɗaya. Allah Ya yaye miki ciwon gwiwar nan da kika ambata, Ya mayar da shi kankarar zunubi, Ya kuma jiƙan mahaifiyarmu Inna Kulu, Ya haskaka makwancinta, amin. Zan ba wani direba mai kai shanu can wajenku wannan takarda a Kwanar Dangora, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon murya. Magana ce mai son zama, da tawada, da mai karatu mai haƙuri irinki.

Mu nan gida sai godiya. Mahaifinmu Baffa yana nan lafiya gwargwadon shekaru, in ban da ƙugun nan da ke taso masa duk lokacin da hadari ya haɗu. Bai fasa zuwa masallaci da sandarsa ba, bai kuma fasa gaya wa masunta inda kifi yake kwance ba, ko da ba su tambaye shi ba. Damina ta yi albarka, dam ya cika ya batse, masara ta yi goyo tun daga nan har Ɗansoshiya, sai dai hanyoyi sun zama laka tsantsa. Maiɗakina Saude tana nan lafiya, 'yarmu Nusaiba ta kusa saukar Alƙur'ani, 'yar'uwarta Raihana kuwa ta gaji bakina, har ta fara gyara wa ƙawayenta waƙar gaɗa. Ƙanenmu Kamalu da matarsa Badiyya suna lafiya, kuma a kansa ne, ko in ce a kan motarsa, wannan takarda za ta yi tsawo.

Na saurari saƙon muryar da kika aiko zauren danginmu na waya ranar da Kamalu ya sa hoton motar Baffa da sabon kanta, wato mazaunin direba. Na ji kin yi masa barka, kin sa masa albarka, kuma wannan daidai ne. Amma a ƙarshen maganarki kin ce har rubutun da ke goshin motar ya yi ma'ana, ya kuma ba ki dariya. Na maimaita wannan wurin har sai da Saude ta karɓe wayar daga hannuna. Yaya, ba zan yi miki kwana-kwana ba, kishi nake yi, kuma ba na jin kunyar kiransa da sunansa. Ba motar nake kishi ba, domin ban iya tuƙi ba, ban kuma taɓa neman a ba ni ita ba. Goshin nan nake kishi, domin wuri ne da na riƙe tun kafin gemuna ya fito, aka wayi gari an sauke ni daga kansa ba tare da an ce mini ko sannu ba. Bari in ba ki labarin daga tushe, tunda hoto bai nuna miki sai fenti.

Kin tuna shekarar da Baffa ya sayo a-kori-kurar nan, ina ɗalibi a makarantar horon malamai. Ya ce mota ba ta hawa titi da goshi tsirara, kuma tunda ya sa ni a makaranta, ni ne zan samo abin da za a rubuta. Na rasa abin faɗa, sai ke kika zaunar da ni kika ba ni labarin ranar da ruwan dam ya tashi tsohon garinmu, kina 'yar ƙarama kina jan igiyar akuyar Inna, kina waiwayen rumbunanmu, ni kuwa ba a ma haife ni ba. Daga bakinki na samo ɗango biyun nan:

Ruwa ya ci garinmu, bai ci sunanmu ba,
Inda muka sauka, Allah bai bar mu ba.

Da na karanta wa Baffa, sai ya ce in sake. Na sake. Ya ce a rubuta da ajami, domin yana son ya riƙa karantawa da idonsa, tunda shi bai yi boko ba. Ya ɗauke ni a gaban motar har wurin mai fenti, ya tsaya a kansa har aka gama. Tun daga ranar baitin nan yake gaba, mota na binsa a baya. Ya kai kifi Kwanar Dangora, ya ɗauko shinkafa daga Tudun Wada, ya hau duwatsun Doguwa neman dankali. Shi ya kai kayan ɗakinki tasha, shi ya kai Inna asibiti tafiyarta ta ƙarshe. Mutanen da aka taso tare da ku daga tsohon gari, idan suka hango shi, sukan ɗaga hannu tun motar ba ta iso ba.

Ni na tafi aji da alli, Kamalu ya tafi gaban mota. Ya girma a kujerar gefen Baffa, ya san tarin injin nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Idan suna hira su biyu a kan kabireta da gwangwanin mai, ni nakan zauna kamar baƙon da aka manta a zaure. Ban damu ba a lokacin, domin nakan ce a raina, su suna ciki, amma ni ina goshi. Da ƙarfin Baffa ya ja baya, ya tara mu ya ce mota ta Kamalu ce, na ce Allah Ya sanya alheri, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. To, sai tsufa ya kama kan motar. Tsatsa ta cinye ƙasansa har mai zama yana ganin titi na gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙofar direba sai da igiya take rufuwa, ruwan sama kuma yana shiga kamar an gayyace shi. Mai gyaran jikin mota ya ce ba sauran wurin da walda za ta kama. Kamalu ya samo wani kai lafiyayye a Doguwa, na wata mota irin tamu wadda bayanta ya lalace, aka sauke tsohon, aka ɗora sabon a kan ƙashin motarmu, wato shasi kamar yadda makanikai ke kiransa.

Ina makaranta aka yi duk wannan. Da na dawo na tarar da ita a ƙofar gidan Baffa, shuɗiya shar, an zana wata gaggafa mai buɗaɗɗen baki a goshinta, a ƙarƙashin gaggafar kuma an rubuta da boko da jan fenti: Matsa Mu Wuce. Wani Ghali ne mai fenti a Kwanar Dangora ya ƙago shi, kuma shi ne rubutun da ya ba ki dariya. Ki duba shi da kyau, Yaya. Ba kari, ba amsa-amo, ba ambaton Allah, ba tarihi, ba ko sallama. Magana ce da ake yi wa akuya a bakin titi. Na tambayi Kamalu ina baitina, ya sosa ƙeya ya ce wallahi Yaya Malam bai yi tunani ba, Ghali ne ya ce yanzu gajeren rubutu ake yayi, kuma shi Ghalin bai iya ajami ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baffa yana zaune a kan tabarma yana kallon gaggafar yana murmushi, ya ce an karanta masa rubutun, kuma lallai yaron nan Ghali yana da barkwanci. Na roƙi a ba ni tsohon kan kafin masu gwangwan su zo su farfasa shi. Aka turo mini shi a amalanke, na ɗora shi a kan bulo a gindin mangwaron gidana. Nan nake zama bayan la'asar, a kujerar Baffa, babu sitiyari, babu gilashi, ina kallon katanga kamar ita ce hanyar Doguwa.

Ba a jima ba Allah Ya kawo abin da ba wanda ya hango. Kamalu ya ɗauko kaya zai wuce Kwanar Dangora, ma'aikatan duba motoci suka tsayar da shi. Ashe, Yaya, ban da lambar nan babba da ake gani gaba da baya, kowace mota tana da wata doguwar lamba da aka haife ta da ita. An buga ta a jikin shasi da ƙarfe, an kuma rubuta ta a wani ɗan ƙarfe mai faɗin yatsu uku, an kafe shi da ƙusoshi a ginshiƙin ƙofar direba, ita ce kuma a takardun motar. Wajibi ne ukun nan su zama baki ɗaya. To, da Kamalu da mai gyara sun ƙirga ƙofofi, sun ƙirga fitilu da wayoyi, amma ba wanda ya tuna da ɗan ƙarfen nan, domin fentin shekaru ya rufe shi. Sabon kai ya zo da nasa ƙarfen, mai lambar waccan mota ta Doguwa. Ma'aikacin ya buɗe ƙofa ya karanta, ya duba takarda ya karanta, ya ce wa Kamalu ƙofa tana faɗin wata mota, takarda tana faɗin wata, shi wanne zai gaskata. Ya nuna masa cewa haka ɓarayin mota suke ɓatar da sawu, shi ya sa ba a wasa da abin. Da ya ji bayani, ya ga kuma ba fuskar marar gaskiya ba ce, sai ya ce wa Kamalu ya koma gida ya ajiye motar, kada ta sake ɗaukar kaya. Ya ce kuma ya zo ofishinsu da mutumin da ya sayar masa da kan tare da takardunsa, ya kuma zo da tsohon kan ɗungurungum, ƙarfen yana manne a wurinsa. Ya ja masa kunne cewa kada wani ya ɓalle shi a gida, domin ƙarfen da aka kawo a aljihu ba shi da mai shaidar inda ya fito. A gabansu za a cire, a gabansu za a mayar.

Ina zaune a cikin kan ina gyaran jarrabawar ɗalibai sai ga Kamalu ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, abin da rabonsa da yi mini tun ranar ɗaurin aurensa. Ya kankare fentin ginshiƙin ƙofa da makulli, sai ga ɗan ƙarfen ya bayyana dab da kafaɗata. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ashe shi gangar jiki aka ba shi, suna yana wurin Yaya Malam. Ya ce manoman Ɗansoshiya sun riga sun yi magana da shi a kan kwasar masararsu, idan motar ta ci gaba da zama za su nemi wani. Yaya, ban san zuciya tana iya yin sanyi da zafi a lokaci ɗaya ba sai ranar. Na ce masa zan yi shawara. Da ya fita Saude ta ce ita dai ta ga kaza tana kwanci a kan ƙwai, amma ba ta taɓa ganin malami yana kwanci a kan kan mota ba, kuma in tuna abincin gidan Badiyya daga motar nan yake fitowa. Na ce mata na sani, ba kuwa zan hana ɗan'uwana abincinsa ba, amma ina son Baffa ya buɗe baki ya nema da kansa, ko sau ɗaya ya san akwai abin da ke hannuna. Baffa bai zo ba, bai kuma kira ni ba. Ya dai gaya wa Saude, da ta kai masa fura, cewa ya san ni Abdussamad ba na buƙatar a roƙe ni. Har yau ban gane ba, yabo ne wannan ko kuwa hanyar gajarce tafiya.

Na aika wa Kamalu cewa ya zo ya ɗauka, bisa sharaɗi biyu: a mayar da baitina jikin motar, kuma ƙafata ƙafar tsohon kan duk inda za a kai shi. Ya amsa tun ban rufe baki ba. Aka shimfiɗa katakai a saman bodin motar, majiya ƙarfi suka ɗora tsohon kan a kai yana fuskantar gaba, aka ɗaure shi tamau da igiyoyi. Da na ja da baya na duba, sai na ga abin da ban roƙa ba Allah Ya ba ni: goshin tsohon ya ɗara rufin sabon tsawo, baitina a sama, gaggafar Ghali a ƙasa. Na tattare babbar rigata na hau na zauna a ciki. Baffa ya ce shi ma za shi, aka ɗaga shi aka sa a gaba kusa da Kamalu. Muka kama hanya a hankali. Mutanen Tiga suka fito ƙofar gidaje, tsofaffin da suka san baitin suna ɗaga hannu kamar da. A Kwanar Dangora wani mai tsire ya tambaya da ƙarfi ko motar ce ta goya uwarta, 'yan tasha suka ce a'a, malam ne ya ƙi biyan kuɗin gaba. Ban kula su ba. Na hango Ghali a ƙofar shagonsa da buroshi a hannu, ya ɗaga kai yana kallon abin da ba ya iya karantawa, na yi masa sallama daga sama cikin mutunci. A nan na yi wannan:

Na hau bisa na zauna a gidan jiya,
Iska tana karanta abin da na ajiya.

Amma daɗin bai cika ba. Ta gilashin bayan sabon kan ina hango hulunansu biyu sun karkata wuri ɗaya, Baffa ya ɓare goro ya miƙa wa Kamalu rabi, suna dariyar abin da iska ba ta kawo mini ba. Tun daga Tiga har muka isa, bai waiwayo ba.

Kafin ofishin na sauko na ƙarasa da ƙafa. Mutumin Doguwa ya riga mu zuwa da takardunsa. Kamalu ya kwanta a ƙarƙashin motar ya goge baƙin mai daga jikin shasi har lambar ta fito, ma'aikacin ya gwada ta da ta ɗan ƙarfen tsohon kan da ta takarda, ya ce alhamdu lillahi, duka bakinsu ɗaya. Aka huda ƙusoshin, aka cire ƙarfen waccan mota ma'aikatan suka ajiye a wurinsu, aka kafa namu a ginshiƙin sabon kan, aka rubuta abin da aka yi. Ma'aikacin yana cikin aikin ya ɗaga kai ya ga ajamin, ya tambayi me aka rubuta a can. Sai na dubi Baffa, domin wannan ita ce tambayar da na yi tafiyar nan dominta. Baffa yana can ya dafa sanda ya sunkuya, yana gaya wa Kamalu ya yi hankali da kansa wajen fitowa. Ni na karanta da bakina. Ma'aikacin ya ce masha Allah, ya ci gaba da rubutunsa. Aka dawo mini da tsohon kan gindin mangwaro, da 'yan huji biyu a inda sunan motar yake a da. Nakan sa yatsa in shafa su.

Kamalu ya cika alkawari, sai dai ya cika shi irin na direbobi. Ya ce Ghali ya ce goshi ya cika, kuma goge gaggafa zai ɓata fenti, don haka aka rubuta baitin da boko a murfin bodi na baya, wurin da taya ke watsa wa laka, wurin da ake jan buhuna. Da na yi ƙorafi sai ya ce ai Yaya Malam ya fi Ghali riba, domin goshi ƙiftawar ido ake ganinsa, amma wanda ya biyo su a baya a hawan Doguwa sai ya haddace baitin kafin ya sami wurin wucewa. Na so in yi dariya, na hana kaina. Motar takan dawo daga ƙauyuka ba a ganin ko harafi ɗaya. Na fara bi ta ƙofar gidan Baffa da safe kafin makaranta, da tsumma a aljihu, domin a can take kwana. Sai na riƙa tarar da wani ya riga ni: duk jikin motar laka, amma wurin rubutun tas. Na tambayi Kamalu, ya ce Baffa ne, da butarsa, bayan ya dawo daga masallaci. Zuciyata ta yi tsalle, amma Kamalu bai bar ta ta sauka lafiya ba. Ya ƙara da cewa Baffa ya ce akwai sunan Allah a wurin, bai kamata a bar shi cikin laka ba, kuma tunda ba ya karanta boko bai san inda sunan yake ba, shi ya sa yake wanke duka. Ba da mugunta ya faɗa ba, Kamalu ba shi da ita, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi.

Na kwana biyu ina juya maganar. Idan don sunan Allah ne, to Baffa ya yi abin da ya fi kowane baiti daraja, ba ni da ta cewa. Amma ina son in sani ko akwai rabona a cikin ruwan butar nan. Sai na sayo fenti da buroshi, na nemi izinin Kamalu, na shafe bokon Ghali, na rubuta baitin da ajami da hannuna, ɗango na farko a sama, na biyu a ƙasa da tazara mai kyau a tsakaninsu. Sunan Allah yana cikin na biyu kaɗai, kuma yanzu Baffa yana iya ganin inda yake. Aka yi ruwa, motar ta je Ɗansoshiya ta dawo kamar an tono ta. Da gari ya waye na je na tsaya a bayan darbejiyar da ke gefen zaure, ni da furfurata, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Baffa ya fito da buta da tsumma. Ya jingine sandarsa, ya zuba ruwa a ɗango na biyu, ya wanke sunan Allah da abin da ke kewaye da shi, ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, Abdussamad, ka ga amsarka. Sai ya tsaya yana kallon sama da wurin. Ya sake karkata butar, ya fara daga dama, harafi bayan harafi, yana bin su da tsumma a hankali, leɓunansa suna motsi. Da ya kai kalmar sunanmu sai ya dakata, ya sa babban yatsa ya cire wata laka da ta maƙale a cikin harafin. Yaya, na riƙe darbejiyar nan da hannu biyu.

Da a nan ya tsaya, da wannan takarda ta zama ta godiya zalla. Amma ya ɗauki sandarsa ya zagaya gaba, ya buɗe ƙofar direba ya shafa ɗan ƙarfen nan, sannan ya tsaya a madubin gefen Kamalu, ya hura masa numfashi, ya goge shi har ya yi ƙyalli. Ba da tsumma ba, da hannun rigarsa ta zuwa masallaci. Ni tsumma, Kamalu hannun riga. Saude ta ce in ji tsoron Allah, ai ba a goge laka da farar riga, kuma na san gaskiyarta. Na sani sarai, amma idona ya riga ya gani.

Ga abin da nake roƙo a wurinki, kuma ke kaɗai za ki iya. Ki sake aiko da saƙon murya zauren nan, ki karanta baitin da bakinki daga farko har ƙarshe, ki faɗi labarin akuyar Inna da igiyarta yadda kika faɗa mini. Kamalu ne yake kunna wa Baffa saƙonninki, don haka zai riƙe wayar da hannunsa har ki gama. Ba sai kin ce ya fi na Ghali ba, ba kuma sai kin janye dariyarki ba, tunda ta riga ta fita. Ni zan kasance a bakin tabarma, ina kallon leɓunan Baffa.

Ki gaishe mini da Alhaji Uba gaisuwa ta girma, ki ce ina yi masa fatan alheri a kasuwa. Ki gaishe da Mujitaba, ki ce kawunsa yana tambayar karatu, da Mariya da maigidanta, da maƙwabciyarki Laraba wadda ta yi jinyar gwiwarki, Allah Ya saka mata. Baffa yana sa miki albarka. Saude da Nusaiba da Raihana suna gaishe ki, Badiyya ma haka. Kamalu ya ce in gaya miki masarar Ɗansoshiya ta fara shigowa, kuma zai aiko miki da buhu. Idan ya iso, ki sani ta kan baitina aka jawo shi.

Allah Ya tsare ki, Ya sada fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanenki mai ƙaunarki, daga kujerar da babu sitiyari,
Abdussamad.